Karsana Biyu a Garke Ɗaya

Darini, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ɗaki, kin sami abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki tun daga tashar Batsari har ƙofar jami'a, ya kare ki daga sharrin da muke gani da wanda ba mu gani.

Na san za ki yi dariya in kika buɗe jaka kika ga takarda a ƙarƙashin ƙullin yaji, alhali muna gida ɗaya har ranar Asabar, ga kuma waya. To ki yi dariyarki. Kin san halina. In na fara magana da baki sai faɗa ya shigo, in kuma a waya ne sai sabis ya ɗauke daidai inda na zo faɗin abin da ya kawo ni. Rabona da riƙe biro haka tun zamanin da nake rubuta wa mutane wasiƙa zuwa kudu, hannun ya yi tauri, sai ki yi haƙuri da rubutun.

Ina rubutun nan ina kallon karsana biyun da ke ɗaure a bayan rumbu. Bijimin da muka sayar ya biya rajista da ɗaki da kuɗin mota, ya ƙare. Waɗannan biyun su ne sauran karatunki, babu wani abu a bayansu. Ga su kuma a garke ɗaya, a gari ɗaya, a wannan zamani da mutum kan fitar da dabba da safe bai san ko za ta dawo ba. Ya kamata ɗaya ta bar Darini. Mutum ɗaya ne kawai zan iya ba kiwonta hankalina ya kwanta, wato Baffanki Jaɓɓo na Tsaskiya, shi kuwa yau shekara biyar ke nan ban haɗa ido da shi ba, kuma laifin nawa ne. Gobe nake so in je. Ban san ko zai karɓe ni ba. Kafin in je ina so in faɗa miki yadda aka yi na kawo kaina nan, don kurakuraina ne kaɗai dukiyar da nake da ita da yawa.

Bari in fara da wanda na yi miki ke kanki. Ranar da takardar jami'a ta zo kika karanta mana cewa an ba ki fannin harkar kuɗi da banki da inshora, ban bari kin kai ƙarshen layi ba na ce ba da saniyata ba. Na ce yarinyar da ta ci sunan Inna, mahaifiyata, ba za ta je ta zauna tana lissafa wa mutane kuɗin ruwa ba. Kwana tara ina amsa gaisuwarki a daƙile. A rana ta goma mahaifiyarki ta ajiye mini tuwo ta ce, “Malam, kai da ba ka taɓa wuce bencin farko a banki ba, ina ka san abin da ke ciki?” Na ji haushi sosai, musamman da yake gaskiya ta faɗa.

Na tafi wurin liman don ya goya mini baya. Shi kuma sai ya ce shi ma ba duka ya sani ba, amma ya ji akwai bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa, akwai kuma wata irin inshora da aka gina kan taimakekeniya, wadda malamai da yawa suka yarda da ita, ana ce mata takaful. Ya ce in je in tambayi yarinyar mana, tunda ita ta yi karatun. Na dawo gida ba tare da abin da na je nema ba.

Kin tuna kina ɓarar gyaɗa na jawo kujera na ce ki faɗa mini mene ne inshorar nan? Kika jera 'ya'yan gyaɗa ashirin a tabarma kika ce waɗannan magidanta ne, kowa da rumbunsa. Kowa ya jefa ƙwaya ɗaya a kwano. Wanda gobara ta ci rumbunsa a shekarar, shi zai ɗauki kwanon. Na ce shi ke nan? Kika ce wannan farko ne kawai, ai masu riƙe kwanon ma ba sa yarda su tara komai wuri guda, rarrabawa suke yi. Na tashi na bar wurin, kika ɗauka fushi ne. Ba fushi ba ne, Ummi. Maganar Inna na ji ta fito daga bakinki.

Don haka abu na farko, kada ki yanke wa abu hukunci kafin ki tambaya, kamar yadda ubanki ya yi. In an zo darasin kuɗin ruwa ki koye shi da kyau, ki san ta inda yake shiga da ta inda yake cin mutum, don sani daban ne, ci daban. Zancen inda za ki yi aiki kuwa, in lokacin ya zo sai mu zauna da malamai. Ni dai na daina haramta abin da ban sani ba.

Kuskure na biyu ya girmi wannan, kuma har yau in na tuna shi sai in ji kunya ta rufe ni. Kina aji huɗu a firamare wasu mutane suka zo daga birni da takin zamani, za a ba ƙungiyarmu ta manoma, a biya bayan kaka. Suka kawo fom mai shafi huɗu, duk da Turanci, ƙananan rubutu kamar tururuwa. Mu goma sha bakwai ne, ni kaɗai na gama firamare, sai kowa ya juyo yana kallona. Na riƙe takardar ina motsa baki, ina gyaɗa kai, ina juya shafi. Wallahi ban gane ko rabi ba. Ma'aikacin da ya kawo fom ɗin ya ce, “Akwai mai tambaya?” yana duba agogo. Ni da ake kira malamin wasiƙa, yaya zan ce ban gane ba a gaban mutanen da nake karanta wa takarda? Na sa hannu. Sauran suka dangwala, suna cewa ai Iro ya karanta.

A shekarar ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ta fara goyo. Muka tashi da kara. Kowa ya sayar da abin da zai sayar ya biya kuɗin taki, akwai wanda akuyar matarsa ya kai kasuwa, rigimar ba ta mutu ba har yau. Bayan shekara biyu wani malamin gona ya zo gidan nan, ina neman wata takarda a akwati sai fom ɗin ya faɗo. Ya ɗauka ya duba, ya ce, ashe kun yi inshora? Na ce wace inshora? Ya nuna mini a shafi na uku. A cikin kuɗin da muka biya har da na inshorar amfanin gona, sharaɗin kawai shi ne in fari ya buga a kai rahoto cikin 'yan kwanaki, a zo a ga gonar tun tana tsaye. Babu wanda ya kai rahoto, don babu wanda ya san da ita. Ban ce lalle da an biya mu ba, Allah ne masani. Amma ko ƙofar ba mu ƙwanƙwasa ba, kuma mutum goma sha shida sun dogara ne da gyaɗa kaina.

To ke ki ɗaga hannu a aji. In malami ya faɗi kalmar da ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ko da 'yan birni za su juyo su kalle ki. Kallo ba ya cin akuya. In kuma Allah ya kai ki bayan tebur wata rana, tsoho irina ya zauna a gabanki ya ce ya gane, kada ki yarda. Mu dattawa mun ƙware da gyaɗa kai. Ki yi masa bayani da Hausa, sannan ki ce ya maimaita miki abin da ya ji, cikin ladabi, kamar ke ce kike neman ya koya miki. Kada ki duba agogo a gabansa.

Yanzu ga babban, wanda ya shafi Jaɓɓo. Kin san an kwashe mana shanu, amma ba ki san abin da ya faru kafin nan ba, don na hana mahaifiyarki faɗa muku.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba ta taɓa barin dukiyarta ta kwana wuri ɗaya ba. Geronta rabi a rumbun gida, rabi a rumbun ƙanenta. Tumakinta suna hannun wata ƙawarta. Shanu kuwa kashi uku ta yi musu: wasu a gida, wasu a Ruma wurin Kawu, wasu a Tsaskiya a rugar mahaifin Jaɓɓo. Kin san yadda ba da kiwo yake. Mai kiwo shi ke shan nono, taki na gonarsa ne, in saniya ta haihu biyu naka ne, na uku nasa. Tun ina yaro Inna ke aikena Tsaskiya duba shanu, a can muka saba da Jaɓɓo, shi ya koya mini tatsa, ni na koya masa rubuta sunansa. Da na fara zama saurayi sai abin ya riƙa ba ni haushi. Na ce mata muna asarar nono, muna asarar taki, muna asarar ɗan maraƙi ɗaya cikin uku, a kan me? Ta ce, “In cuta ta shiga Darini, ba rannan za ta shiga Tsaskiya ba. Bar su can.” A zuciyata na ce tsohuwa ba ta iya lissafi ba.

Da Allah ya yi mata rasuwa, aka raba gado, shanu goma sha ɗaya suka zo hannuna. Ko shekara ba a yi ba na ce zan tattaro su. Wanda duk ya tambaye ni sai in kawo masa zancen nono da taki. Gaskiyar kuwa, so nake in riƙa tsayawa a ƙofar gida da yamma shanuna suna shigowa a jere, masu wucewa suna ƙirgawa da ido. So nake a ce Iro mai shanu. Wannan ne kawai, kuma sai da na rasa su na iya faɗa wa kaina.

Kawu ya ba ni uku na Ruma, yana girgiza kai. Na wuce Tsaskiya karɓo huɗu. Jaɓɓo ya kwance uku, ta huɗun ya ce a'a. Wata saniya ce mai farin goshi da yake kira Wule, cikinta ya tsufa, ya ce in aka ja ta wannan tafiya za ta zubar ko ta faɗi a hanya, in bari ta haihu tukuna. Ranar ana suna a rugar, mutane cike. Ni kuma na riga na gaya wa mutanen Darini cewa goma sha ɗaya za su gani. Sai na ɗaga murya na ce masa, “Nono kake so da ɗan maraƙi, ba lafiyarta ba. Kun saba cin na Inna.” Ummi, mutumin da muka ci a ƙwarya ɗaya, a gaban surukansa na faɗa masa haka. Ya miƙo mini igiyoyin ukun, ya juya ya shiga cikin shanu. Na taho na bar Wule don ba yadda zan yi.

Wata huɗu na yi ina tsayawa a ƙofar gida da yamma. Sauran kin sani, kin ji ƙarar baburan da kunnenki ranar bayan la'asar, kin ga yadda garken garin nan duka ya shiga daji bai dawo ba. Mun gode Allah da mai kiwon ya tsira da ransa. Goma na tara, goma suka tafi a yini ɗaya. Ba ina ce miki Ruma ko Tsaskiya sun tsira ba ne, su ma an shiga musu daga baya, babu inda yake da tabbas a ƙasar nan. Amma ba rana ɗaya aka shiga ba, kamar yadda Inna ta faɗa. Saniyar da ta rage mini a duniya ita ce wadda na zagi mutum a kanta.

Abin da na ɗauka asara ne, wato nonon nan da ɗan maraƙi na uku, ashe shi ne ƙwayar gyaɗar da kika ce kowa na jefawa a kwano. Inna tana biya duk shekara da saninta, ni na zo na ga kamar ɓarna ce na daina. In kin ga mutanen da ba su yi boko ba suna wani abu da ya yi miki kama da wauta, kada ki yi saurin fito da biro. Ki tambaya wace masifa ce ta koya musu. Kuma ki kiyayi son a gani, don ni shi ya ci ni. A jami'a za ki haɗu da masu manyan wayoyi da sutura, ki bar su da kayansu.

Da ma a nan na tsaya da sauƙi. Kwana uku da kwashe shanun Jaɓɓo ya hau babur ya zo jaje. Na ji sallamarsa, na shige ɗaki na ce mahaifiyarki ta ce ba na nan. Ya zauna a zaure har azahar, ya sha ruwa ya tafi. Kunya ce ta hana ni fita, amma shi ina zai san kunya ce ba gaba ba? Daga nan kwana ya zama wata, wata ya zama shekara, kullum zuwan yana ƙara nauyi. Shi kuwa ya ci gaba da riƙon Wule, yana gudu da ita duk inda ya gudu da nasa. Ta haifi namiji, ta haifi mace, ta sake haifar mace. Da ranin da ya wuce ta kwanta ciwo aka yanka ta. Sai ga wani dillali ranar kasuwar Batsari ya kawo mini bijimi da karsana biyu da kuɗin nama, da igiyar Wule a naɗe. Kin san in mai kiwo ya maido igiya, ya sauke amana ke nan, babu sauran magana. Na karɓa, ko saƙon godiya ban aika ba.

Sai ranar gyaɗar nan, bayan na tashi daga wurinki, na je bayan rumbu na tsaya ina ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Ta ukun ai tasa ce. Ƙaramar karsanar nan haƙƙin Jaɓɓo ce, ya aiko da ita bai ce komai ba, ni kuma mai lissafi wata bakwai ban lura ba. Don haka gobe in na kai ta, yana iya cewa ya karɓi abinsa, kuma ba wanda zai ga laifinsa, sai karatunki ya koma kan karsana ɗaya. Yana iya kuma ƙin kallona, in dawo da ita. Duk da haka zan je. Ke dai in kin ɓata wa mutum, ki je a ranar, ko da kina jin kunya. Haƙurin kwana ɗaya kalma biyu ce, na shekara biyar kuwa ga shi sai da takarda.

Kafin in ajiye biro, ina da tambayoyi da nake so ki kai wa malamanku, don tun ranar suke hana ni sakat. Kwanon nan naki yana aiki in rumbu ɗaya ya ƙone. To in gari duka aka kwashe a yini ɗaya, kamar yadda aka yi mana, kowa ya zo da hannu biyu, wa zai cika kwanon? Akwai wani babban kwano ne a bayansa, shi kuma wa ke riƙe da shi? Sannan mu nan in mutum ya ce saniyarsa ta mutu mun san ko gaskiya ne, don mun san shi mun san ubansa, a kan kawo fata ma a nuna. Mutumin da ke zaune a ofis a birni, ta yaya yake gane wanda ya yi asara da wanda ya sayar ya zo yana kuka? Kika ce kuma suna auna haɗari su sa masa farashi. Wannan ya fi komai ɗaure mini kai. Da wane mudu ake auna tsoro? In an auna na Darini nawa zai kama, ko shi ya sa ba mu taɓa ganin mai inshorar shanu ya tako nan ba? Akwai kuma zancen gona. Banki ya ce sai da takarda, alhali duk garin nan ya san gonar fadama tun kakana take hannunmu. Shaidar mutum arba'in ba ta kai takarda ɗaya ba ne a wurinsu, ko dai ba a taɓa koya musu yadda ake karɓarta ba? Ki rubuto mini amsoshin da Hausa. In malamin ya ce bai sani ba, ki faɗa mini haka, zan fi ganin girmansa.

Zan tsaya nan, an kira azahar.

Ranar Juma'a da safe.

Jiya kin ga na fita da ƙaramar karsana, na ga fuskarki ta canza, kin ɗauka kasuwa zan kai ta. Na bar ki a haka don ban san da me zan dawo ba.

Mun hau a-kori-kura ni da ita har Safana, sauran hanyar da ƙafa, igiyar Wule tana aljihuna. Na sami Jaɓɓo a gindin wata bishiya yana tufka. Ya tsufa, Ummi, gemu ya yi fari fat, garken nasa bai kai rabin yadda na san shi ba. Ya amsa sallama, ya shimfiɗa mini buzu, muka yi ta gaisuwa, gida, iyali, shanu, ruwa, hanya, kamar jiya muka rabu. Ya sa aka kawo fura. Na ce ba zan sha ba sai mutane sun fito daga masallaci. Da suka taru na miƙe na ce a gaban jama'a na faɗi magana a rugar nan, a gaban jama'a na zo in janye ta. Na maimaita abin da na ce masa kalma da kalma, na ce ƙarya na yi masa, na faɗi zancen ɓuyan da na yi a ɗaki. Na ce ga karsana, ta uku ce, tasa ce.

Ya tashi ya zagaya ta, ya buɗe bakinta ya duba haƙori, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya shafa haƙarƙari. Can ya ce, “Iro, mi kake ba ta, takarda?” Mutane suka yi dariya.

Na sake cewa tasa ce, ban lura ba sai kwanan nan. Ya ce, “Na iya ƙirga. Shekarar da ciwon huhu ya gama da garken babana, shanun Inna biyu suka rage muna. Shekara huɗu ta bar muna nono da 'ya'ya, ba ta tambaya ba. Mu ba mu amsar na ukku hannun mutumin da aka kwashe ma garke.”

Ban taɓa jin wannan labari ba. Inna ba ta faɗa ba har ta koma ga Allah. Na ce to igiyar fa, don me ya maido? Ya ce, “Don in gani ko za ka kawo ta. Wata bakwai ina duban hanya.” Na fito da ita daga aljihu, ya karɓa, ya kwance tawa ya ɗaura wa karsanar ta uwarta. Ban ɓoye ba, na yi hawaye a gaban mutane, kuma ban ji kunya ba.

Muna shan fura ya tambayi abin da za ki karanta. Na tsinci tsakuwa ashirin na jera masa a ƙasa, na yi masa bayanin kwano yadda kika yi mini, har da ƙarin gishiri. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Shekara huɗu za ta yi tana koyon wanga?” Na ce akwai sauran abubuwa da yawa. Ya ce to in kin dawo hutu ki zo ki faɗa masa abin da suka ƙara a kai, shi ma yana son ya ji. Karsanar kuma ya ce ba tawa ba ce, ba tasa ba ce, ta mai sunan Inna ce, duk ranar da makaranta ta nemi kuɗi a aiko.

Saboda haka ga tambaya ta ƙarshe ga malamanku: a cikin littattafansu akwai inda mai riƙe kwano yake yafe rabonsa don mutum ya faɗi? In akwai, me suke ce masa? In babu, ki faɗa musu akwai shi a Tsaskiya. Hutun farko kuma, kafin ki je gidan kowace ƙawa, can za ki fara zuwa ki durƙusa ki gaida Baffanki.

Yanzu haka babbar karsana tana bayan rumbu ita kaɗai, sai kuka take tana neman 'yar'uwarta, turke ɗaya babu kowa. Ni da na taɓa tsayawa a ƙofa ina son a ƙirga mini goma sha ɗaya, yau na leƙa na ga ɗaya, na ci tuwona har da ƙari.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki ce za ki yi tattali da cikinki. In za ki dawo ki biyo motar safe, kada ki yarda yamma ta same ki a hanya. Allah ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya haɗa ki da malamai masu haƙurin tambaya, ya tsare mutuncinki da lafiyarki, ya maido mana da ke lafiya. Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa Jaɓɓo da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mahaifiyarki ta ce yajin ki riƙa rufe shi da kyau.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Iro